Ana muzuru ana shaho: yadda ake tsare kajin sake daga namun daji

Hausawa na cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Haka ne, amma duk mai kiwon da kazarsa ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki 12, bayan wata biyu ya duba ya ga saura 3, ya san akwai abin da ya kamata a yi ba a yi ba. Ribar kiwon sake ita ce kaza ke nema wa kanta yawancin abincinta: ƙwari, gara, ciyawa, hatsin da ya zube a masussuka, ragowar tuwo. Idan aka ce a kulle kaji gaba ɗaya don tsoron namun daji, ribar nan ta tafi, domin sai an sayi abinci buhu-buhu. Ba a ma bukatar hakan. Ɓarnar ta taru ne a wuri biyu: tsakanin magariba da fitowar rana ga kaji duka, sai kuma makonni 6 zuwa 8 na farkon rayuwar ɗan tsako. Babbar kaza mai lafiya da rana tsaka ba ta cika faɗawa hannun kowa ba, sai kare ko ɓarawo.

Kafin a sayi ko da yadi ɗaya na waya, a fara gano wanda ke ɗauka, domin maganin shirwa ba ya yi wa muzuru komai.

Karanta sawu

Hanya mafi araha ita ce toka. Da yamma bayan kaji sun shige, a share kewayen akurki, a barbaɗa toka ko rairayi mai laushi faɗin ƙafa 2 a zagaye, da asuba a duba kafin yara su tattake. Sawun muzuru ko kyanwar daji zagayayye ne, yatsu huɗu, babu alamar farce, domin kyanwa na janye farcenta in tana tafiya. Na kare da dila ya ɗan fi tsawo kuma farce na fitowa a gaban kowane yatsa. Na tunku ƙarami ne mai dogayen farata. Guza da damo suna barin jan wutsiya a tsakiya da sawun ƙafafu dama da hagu. Maciji na barin santsin layi mai lanƙwasa. In kuwa sawun silifa aka gani, wannan magana ce ta mai unguwa.

Abin da aka tarar da safe shi ma shaida ne. Ɗan tsako ya ɓace da rana, ɗaya yau ɗaya gobe, ba jini ba gashi, wannan aikin sama ne, shirwa ko shaho. Shirwa na shawagi a fili kowa na ganinta, ta kawo sura ta wuce ba tare da ta sauka ba, kuma ƙarfinta bai wuce ɗan tsako ba. Shaho ya fi ta wayo: yakan laɓe a cikin ganyen darbejiya ko mangwaro, ya fito ƙasa-ƙasa da gudu, kuma manyansa na iya danne sagara su fige ta, a tarar da tulin gashi wuri guda. Hankaka ya fi son ƙwai, yakan huda shi ya sha ko ya ɗauke shi a baki, amma bai bar tsakon kwana biyu ba.

Muzuru yakan ɗauki ɗaya ne a dare, ya ja ta zuwa bayan danga ko kan katanga, ya ci ƙirji da cinya ya bar fuka-fukai da ƙafafu. Idan aka buɗe akurki aka ga kaji 4 ko 5 a mace, cizo a wuya ko a ƙeya, naman kuma kusan ba a taɓa ba, to ƙaramin mafarauci ne ya samu ƙofa: inyawara mai dabbare-dabbare da doguwar jela, ko bodari, wanda warinsa kaɗai ya isa shaida. Wannan kisan gilla da ake gani ba mugunta ba ce. Kaji na ta faɗi-tashi a wuri matsattse, duk motsi kuma na sa dabbar ta sake kai cizo. Dila da yanyawa suna zuwa ne a gidajen bakin gari, su haƙa ƙarƙashin danga su tafi da kaza sukutum. Ɓera da gafiya suna jan 'yan tsaki daga ƙarƙashin uwa cikin dare, sau da yawa a tarar da gawar a bakin rami an ci rabi.

Maciji yana da alamarsa daban. Ƙwai ya ragu babu ɓawo. Ɗan tsako ya mutu kansa da wuyansa jiƙe da yauƙi, wato an yi ƙoƙarin haɗiye shi ya gagara. Ko kuma kaza mai kwanci ta mutu a kan ƙwanta ba rauni a fili, domin ta tsaya kare ƙwai kumurci ko gamsheƙa ya sare ta.

Akwai kuma mutuwar da ba ta dabba ba. Kaji da yawa na faɗuwa cikin kwana biyu ko uku, musamman da hunturu, da koren zawo, da numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe: cutar Niyukasil ce mafi yawan lokaci. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin rigakafinta mai jure zafi, wanda ake ɗiga wa kaza a ido, a maimaita kowane wata 3 zuwa 4. Yana da alaƙa da batunmu, don kazar da ba ta da lafiya ita ce ke makara in an yi ƙarar gargaɗi.

Dare

Kaza ba ta gani sosai a duhu, kuma in ta yi barci ko ɗaukarta aka yi da ƙyar take motsi. Shi ya sa kwanan bishiya da kwanan kan katanga su ne babbar kafar asara. Muzuru da inyawara sun fi kaza iya hawa, manyan mujiyoyi ma na iya ɗauka a reshe. Abin tambaya shi ne me ya sa kaji ke guje wa akurki. Yawanci abu uku ne: zafi, cunkoso, da kaska. Kaskar kaji tana ɓuya a tsagar bango da ta katako da rana, ta fito da dare ta sha jini. Mai kaji zai duba jikinsu da rana bai ga komai ba, ya yi ta mamakin taurin kansu. A shiga da tocila da dare a haska tsagogi. In an gan ta, a kwashe shara a ƙone, a liƙe tsagar, a shafe bango da farar ƙasa, a shafa baƙin mai a ƙarshen sandunan kwana inda suka haɗu da bango, a kuma bar musu wurin wankan toka. Sannan a sake koya musu: a riƙa watsa ɗan hatsi cikin akurki kafin magariba, waɗanda suka hau bishiya a kamo su bayan duhu a saka, kwana 5 zuwa 7 a jere sun saba.

Akurkin ƙasa na gargajiya yana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina shi ba. Rauninsa biyu ne, ƙofa da daɓe. Dutse ko fasasshiyar tukunya da ake jinginawa a baki kullum na barin gefe, kuma inda kan tunku ko bodari ya shiga, jikinsa ma zai bi. A sa kafinta ya yi firam na katako a cikin ginin, da ƙyauren da ke zamewa daga sama a cikin kwarmi, ko mai sakata. Gwajin mai sauƙi ne: duk tsagar da yatsu biyu suka shige ta yi faɗi, ga ɓera da maciji ma yatsa ɗaya ya isa. Daɓen kuwa, ɓera na huda shi daga ƙasa. A zuba marmara ko tsakuwa a daddaɓe, a bi da siminti kaurin inci 2. A huda tagogin iska a sama kusa da rufi, gaba da baya, a rufe su da raga. Akurkin da ba iska da bazara shi ma yana iya kashe kaji.

Wanda zai yi na katako, ya ɗaga shi daga ƙasa. Ga kaji 10 na gida masu kwana kawai a ciki, ƙafa 6 tsawo da ƙafa 3 faɗi ya isa, tsayin ciki ƙafa 3, a kan ƙafafu huɗu masu tsayin ƙafa 3. Sandunan kwana biyu, a ba kowace kaza inci 8 zuwa 10. A kowace ƙafa a naɗa kwano mai santsi, ko a kifa mazurarin kwano bakinsa na kallon ƙasa, kamar yadda ake yi wa rumbun zamani, don ɓera ya hau ya gaza wucewa. Kuskuren da ke ɓata wannan aikin shi ne a jingina akurkin da katanga, ko a bar reshe na taɓa rufi, ko a bar tsanin kaji a jingine har safe. A ba shi tazarar ƙafa 3 daga kowane bango, tsanin kuma a ɗauke shi in an rufe ƙofa. A yankunan da ke da ruwa sosai, kamar kudancin Kaduna da Jihar Neja, inda kwarkwasa ke iya mamaye akurki cikin dare ɗaya, a tsayar da ƙafafun cikin gwangwanaye masu baƙin mai.

Batun waya na bukatar tsayawa, domin a nan kuɗi ke salwanta. Siririyar ragar nan mai ido shida da ake kira wayar kaji an yi ta ne don tsare kaza kada ta fita. Kare na yaga ta, ɓera da ƙaramin maciji na ratsa idonta, muzuru na zura hannu ya jawo ɗan tsakon da ya kwanta a jikinta, kuma damina biyu ko uku ta yi tsatsa daga ƙasa. Wadda ke aiki ita ce mai ido murabba'i da aka yi wa walda, rabin inci. Ta fi tsada, don haka in kuɗi bai kai ba a sa ta a tagogi da kuma ƙafa 2 na ƙasa, a cike sama da mai araha. Wajen kafewa, lanƙwasa ƙusa a kan waya ba ya riƙewa. A huda marfin kwalbar lemo, a bi da ƙusa ta cikinsa, kowane inci 4, ko a danne bakin ragar da siririn katako. Dabba ba ta kai hari tsakiyar raga, gefe take bi tana turawa har ta sami inda ƙusa ta saki.

Masu haƙa kuma ana yi musu shimfiɗa. Maimakon a haƙa rami mai zurfi, a lanƙwasa ragar daga gindin bango ta kwanta a ƙasa zuwa waje ƙafa 1 da rabi ko 2, a rufe ta da ƙasa da duwatsu. Dila da kare a gindin bango suke fara tono, su ci karo da waya, ba sa tunanin ja da baya su fara daga nesa.

Duk wannan banza ne in ba a rufe ƙofa ba. Sau da yawa kisan dare na faruwa ne ranar da aka je biki, ko aka bar wa yaro ya manta. A ɗora aikin a wuyan mutum ɗaya, a haɗa shi da lokacin da ba ya sauyawa, kamar dawowa daga sallar magariba, kuma a ƙirga kajin. Da safe kada a buɗe da duhun asuba. A bari rana ta fito da kamar awa ɗaya, lokacin masu yawon dare sun koma.

'Yan tsaki

Nan ne asarar ta fi yawa, nan ne kuma gyara ya fi biya. Kaza na kwanci kwana 21, da ta fito washegari take jan 'ya'yanta zuwa bola da bayan gida, tana tafiyar da ƙafarsu ba ta kai ba. Wanda ya gaji ya rage a baya, shi shirwa ke jira. Uwa na iya kare waɗanda ke ƙarƙashin fiffikenta, ba ta iya kare goma da suka warwatsu.

Maganin shi ne keji marar gindi da ake ɗagawa, ko babban kwandon da aka saƙa da ƙananan ido. Ƙafa 4 tsawo, 3 faɗi, 2 tsayi ya ishi uwa da 'ya'ya 10 zuwa 12. A rufe rabin samansa da zana ko buhu saboda rana, a danne shi da dutse don kare ko iska kada su kifar, a matsar da shi sabon wuri kullum don kashi kada ya taru ya jawo zawo. Makon farko uwa na ciki tare da su dare da rana. Daga mako na 2 zuwa na 3 ana iya sakin uwa da hantsi ta yi kiwo a kusa, su suna ciki, a mayar da ita da yamma, sai dai da sanyin hunturu a bar ta tare da su har rana ta yi zafi. Daga mako na 4 a fara sakin su tare na awa ɗaya ko biyu, a lokacin da mutane ke zaune a tsakar gida, a riƙa ƙarawa. Zuwa mako na 6 ko na 8 gashi ya rufe su, sun iya gudu, sun kuma yi wa shirwa nauyi. Da dare ba a barin su a kejin nan a waje, don ɓera na shiga ta ƙasa. A kai su akurki ko ɗaki mai daɓen siminti.

Tsarewa na nufin ciyarwa, kuma a nan wasu ke kasawa: su kulle 'yan tsaki su watsa musu dusa kaɗai, yunwa ta kashe abin da shirwa ba ta ɗauka ba. Ɗan tsako na cin kimanin giram 10 zuwa 15 a rana a makon farko, ya kai giram 35 zuwa 40 wajen mako na 6. Guda 10 za su ci kilo 10 zuwa 12 a tsawon lokacin, wato kusan rabin buhu mai kilo 25 na sitata, abincin 'yan tsaki na sayarwa. Wanda ba zai saya ba ya ɓarza masara ko dawa, ya haɗa da garin ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji da ɗan garin busasshen kifi, ya ƙara da yankakken ganyen zogale. Gara ma abinci ce mai kyau kuma kyauta: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kifa ta kusa da suri da yamma, da safe a ɗauko a zazzage musu. Ruwa a faffaɗan murfi marar zurfi, a zuba tsakuwa ciki don kada su nutse.

Wasu na rina 'yan tsaki da galura ko maganin ciwon nan mai ruwan shuni don rikita shirwa. Yana iya ragewa na ɗan lokaci, amma launin na tafiya da zarar sabon gashi ya fito, kuma ba ruwan tunku da launi. Haka rataya tsofaffin faya-fayan sidi da ledoji masu ƙyalli: kwanaki kaɗan tsuntsu ya gane ba komai.

Kajin zamani da ake sayowa bayan an raine su wata ɗaya, irin su Noiler, suna da wata matsala. Ba su tashi da uwa ba, ba su san kukan gargaɗi ba, sun fi na gida nauyi, farare da masu haske a cikinsu kuma ana hango su daga nesa. A tsare su mako ɗaya ko biyu a inda suke ganin kajin gida, sannan a sake su tare.

Rana

Damina da rani kowanne da abokin gabarsa. Da rani an girbe gona, fili ya zama fayau, babu inda kaza za ta shige, sai masu fiffike su samu dama. Da damina gero da ciyawa sun rufe har bakin danga, tunku, guza, damo da maciji na isowa ba a gan su ba. Don haka gyaran ma ya bambanta. Da rani a kafa ƙananan rumfuna, tsayin ƙafa 1 da rabi, na kara ko tsohon zana a kan 'yan sanduna, kowace taku 10 zuwa 12 a inda kaji suka fi kiwo, gefensu a buɗe don kada su zama ɗakin maciji. Ƙarƙashin rumbu da amalanke ma mafaka ce, haka shingen lalle. A ƙaramar tsakar gida, igiyoyi da aka ja sama daga bango zuwa bango, tazarar ƙafa 1 zuwa 2, suna hana shirwa kawo sura, domin tana bukatar sarari ta sauko ta tashi. Tsohuwar ragar kamun kifi ta fi, in akwai. Da damina kuma a nome ƙafa 8 zuwa 10 a kewayen akurki, a ɗauke tulin itace, bulo da tsofaffin kwanuka.

Yawancin baƙin nan gidan ne ke gayyato su. Hanji da jinin yanka da aka watsar a fili, musamman lokacin layya, na tara shirwa da hankaki, kuma in sun saba da gida ba sa tafiya da ƙarewar nama. Wanda ke kusa da mahauta ko bola ya san da wannan. Dusa da aka bari a kasko ta kwana tana kiran ɓera, ɓera kuma shi maciji ke bi. A kwashe abinci da yamma, a adana buhu cikin duro mai murfi. A kwashe ƙwai sau biyu a rana. Kazar da ta ɓoye sheƙa a ciyawa ko bayan rumbu, a ɗauke ta da ƙwanta cikin dare a kai akurki, a rufe ta kwana ɗaya ko biyu har ta zauna. In da rana aka matsar da ita, sau da yawa takan watsar da kwancin.

Zakara ɗaya ga kaji 8 zuwa 10 yana da amfani fiye da barbara. Yana da kuka biyu mabambanta, na abin sama da na abin ƙasa, kuma kaji na gane kowanne: na farko su ruga mafaka, na biyu su miƙe wuya suna dube-dube. Zabi sun fi shi kwakwazo, ba abin da ke wucewa ba su yi shela ba, sai dai ba sa faɗa, kuma maƙwabta ba lallai su gode ba. Kare yana korar dila da muzuru a gidajen da ke ajiye shi, in an raine shi cikin kaji tun yana kwikwiyo. Wanda ya ɗanɗana ƙwai ko ya taɓa kashe kaza da wuya ya daina.

Guba da tarko

Abin da zuciya ke fara kawowa bayan asara shi ne a zuba shinkafar ɓera ko fiya-fiya a gawar kaza a ajiye. Mummunar shawara ce. Kajin da kansu ke tsattsage abin, kyanwar gida da ke rage ɓeraye ta ci, ungulu su sauka su mutu tare, ga yara na wasa a wurin. Ko an dace an kashe muzurun, wani zai maye gurbinsa muddin tsagar da ya bi tana nan. Ga ɓera, tarkon ƙarfe da aka kifa wa akwati mai ƙaramar ƙofa ya fi, don kaza kada ta sa kai. Farar mujiyar nan da ke kwana a rufin makarantu da masallatai kuwa ɓera ne abincinta, kashe ta ƙara wa kai aiki ne.

Maciji a akurki ba abin jarumta ba ne. Kumurci na tofa dafi daga tazarar taku biyu ko uku kuma ido yake nema. In ya samu mutum, a wanke idon da ruwa mai yawa na tsawon lokaci, a tafi asibiti. Kada a zura hannu a sheƙa cikin duhu, kada a aiki yaro ɗauko ƙwai da dare ba fitila. Wanda aka sara a kai shi asibitin da ke da allurar dafi ba tare da tsaga ko ɗaure wurin tamau ba. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna a wannan aiki. Kananzir da ake yayyafawa don korar maciji ba abin dogaro ba ne, toshe rami da raba gida da ɓera sun fi shi.

Kazar da aka ƙwato da rai, a ware ta nan take, don 'yan uwanta na tsattsagar duk inda suka ga jini. A wanke raunin da ruwan ɗumi mai gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita, a duba ƙarƙashin fiffike inda haƙori ke ɓuya cikin gashi. Cizon kyanwa ƙaramin rami ne amma yana ruɓa daga ciki, don haka in raunin ya yi zurfi a nemi malamin dabbobi ko a yanka ta tun tana da ƙarfi. Wadda aka tarar ta riga ta mutu mushe ce, kamar yadda aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta ambata game da abin da naman daji ya ci ba a kai ga yanka shi ba, wadda maciji ya sara kuma a haƙura da ita ko da da sauran numfashi. A binne gawar a rami mai zurfin ƙafa 2 ko fiye, nesa da akurki, a ɗora dutse. Dabbar da ta yi kisa takan dawo a daren da ke biye, don haka tsagar da ta bi a toshe ta a ranar, kafin magariba.